Ƙofa ɗaya, adireshi biyu

Zancenmu na wannan mako a kan wani ɗan ilimi ne wanda bai taka kara ya karya ba, amma rashinsa ya sa mutane da yawa sun kashe kuɗin da bai kamata su kashe ba, wasu kuma sun jingine na'ura mai lafiya a kusurwar ɗaki suna cewa ta mutu. Ilimin kuwa shi ne, katin rezo guda ɗaya da ke cikin kwamfuta yana iya ɗaukar adireshi fiye da ɗaya, ya amsa kira da kowannensu, ba tare da an sayi komi ba.

Abin da ya jawo wannan magana, wani abu ne da na gani da idona a Dogon Dutsi. Na tsaya a wani shago da ke bakin babbar hanyar nan da ta fito daga Doso ta nufi Birnin Ƙonni, irin shagunan da ake buga takardu da fotokofi, inda ɗalibai da masu haɗa takardun neman aiki ke yin layi, har da waɗanda suka yo takakka daga Matankari da Kore Mai Ruwa da Tibiri. Na tarar da mai shagon, wani dattijo, ya yi tagumi. Kwana biyu ke nan da ya sake kamfanin da ke ba shi intanet, aka kawo masa sabon akwati aka ɗauke tsohon. Intanet na tafiya lafiya lau, amma babbar firintar shagon, wadda ita ce jarin, ta daina karɓar aiki daga kwamfuta. Ga wuta a jikinta, ga takarda, ga tawada, waya kuma na nan soke inda take tun farko.

"Malam," in ji shi, "wani ya ce mani katin na'urar ne ya ƙone, wani ya ce in aika Yamai a sawo mani wata sabuwa. To mi za ni yi da wagga?"

Ana cikin haka sai ga wani saurayi mai gyaran salula a rumfar da ke daura da shagon. Ya duƙa ya gai da dattijon, ya ce, "Baba, a ba ni izini in duba." Ya sa firintar ta buga takardar bayanin kanta, ya karanta wata lamba, ya zauna gaban kwamfuta bai fi minti biyar ba, sai ga aikin mutane yana fitowa. Dattijo ya ce, "Ɗana, mi ka yi mata?" Ya ce, "Baba, ban cire komi ba, ban sa komi ba, adireshi kawai na ƙara ma kwamfutar." Wannan amsa ita za mu warware yau.

Sunan yanka da adireshi

Katin rezo shi ne ƙofar da saƙo ke shiga da fita a kwamfuta. A da kati ne sosai da ake sokawa a ciki. A na'urorin yanzu an gina shi a jiki, abin da ido ke gani kawai shi ne ramin da ake soka waya, na wifi ma ko ramin babu. Kowane kati yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta musamman wadda ake kira MAC, mai alamomi 12 da aka jera biyu-biyu, rabin farko na nuna kamfanin da ya ƙera shi. Wannan lamba kamar sunan yanka ce, da ita ya zo duniya. Sai dai sunan yanka ba ya kai wasiƙa. In ka rubuta sunan mutum kaɗai a bayan ambulan ka jefa a gidan waya, ba inda za ta, sai ka faɗi gari da lambar akwati. To wannan shi ne aikin adireshin IP, wato lambobi huɗu da ɗigo ke rabawa, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.30. Shi adireshi rubuta shi ake yi a cikin tsarin kwamfuta. Ana iya goge shi, ana iya sake shi, ana kuma iya rubuta wani kusa da shi.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Mutum ɗaya ne uwarsa ke kira da wani suna saboda alkunya, abokan kasuwa su kira shi da laƙabi, a takardar haraji kuma ga sunan da liman ya raɗa masa, kuma duk wanda aka kira a ciki zai waiwayo. Haka abin yake a kan waya. In kwamfuta na son aika saƙo ga wata na'ura da ke kan waya ɗaya da ita, sai ta yi shela kamar sanƙira a kasuwa, kowa na ji: wa ke da adireshi kaza? Mai shi ya amsa, ya faɗi sunansa na yanka, daga nan saƙo ya tafi kai tsaye. Wannan ƙa'ida ta shela ana kiranta ARP, an rubuta ta tun 1982, kuma babu inda ta hana kati ɗaya amsa shela biyu ko goma.

Unguwa da ƙofar gari

To, me ya sami firintar dattijo? Adireshi kashi biyu ne, unguwa da gida. Abin da ke shata iyaka tsakaninsu wata lamba ce da ake rubutawa ƙarƙashin adireshin, wadda a Windows ta Faransanci aka sa ma suna masque de sous-réseau. A shaguna da ƙananan ma'aikatu galibi 255.255.255.0 ce, ma'anarta lambobi uku na farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe lambar gida, kuma unguwar na ɗaukar gida 254. Kwamfuta na magana kai tsaye da ƴan unguwarta kaɗai. Duk saƙon da za shi wata unguwa, sai ta miƙa shi ga ƙofar gari, wato passerelle, wadda a shago ita ce akwatin intanet.

Tsohon akwatin dattijo yana raba adireshi a unguwar 192.168.1, shi ya sa tun ranar da aka kafa firintar aka rubuta mata 192.168.1.30 da hannu don kada lambarta ta riƙa sauyawa. Sabon akwati kuwa da tasa unguwar ya zo, wato 192.168.8, ya ba kwamfuta gida a can. Mutanen Arewa sun san irin wannan ƙaura. A 2011, da aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, mutumin Dumega bai motsa daga gidansa ba, amma adireshinsa a takardun hukuma ya sake. Haka kwamfutar ta yi ƙaura tana kan teburinta, ta bar firinta a kufai. Da aka ce ta buga, sai ta duba ta ga 192.168.1.30 ba ɗan unguwarta ba ne, ta miƙa saƙon ga akwati. Akwati bai san wata unguwa mai wannan suna a cikin shagon ba, ya tura waje. A waje kuma babu mai karɓar irin wannan adireshi. Dalili kuwa, tun 1994 aka keɓe yankuna uku don amfanin cikin gida kawai, aka kuma tabbatar da su a watan Fabrairu na 1996: duk adireshin da ya fara da 10, da waɗanda suka fara daga 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa na iya aiki da su a gidansa ba da izinin kowa ba, amma ba sa hawa babbar hanyar intanet.

Abin da saurayin ya yi shi ne, ya kama ma kwamfuta gida na biyu a tsohuwar unguwa. Ya rubuta mata 192.168.8.50 don intanet, ya ƙara mata 192.168.1.50 don firinta. Nan take ta ga firinta maƙwabciyarta ce, ta yi shela, firinta ta amsa. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a nan ta taunu.

Yadda ake yi

Sharaɗi na farko, duk na'urorin su kasance a kan mahaɗar wayoyi ɗaya, domin shela ba ta tsallake inda waya ba ta kai ba. Mai aiki da Windows, kafin ya taɓa komi, ya buɗe baƙar tagar nan ta ba da umurni, ya rubuta ipconfig /all, ya kwafe abin da ya gani a takarda: adireshi, da lambar iyakar unguwa, da ƙofar gari, da adireshin DNS, wato na'urar da ke fassara sunayen shafunan intanet zuwa lambobi. Wannan takarda ita ce hanyar komawa gida in an ɓata. Sa'an nan ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta ncpa.cpl, jerin katunan rezo zai bayyana. Ya zaɓi wanda ke aiki, ya shiga Propriétés, ya zaɓi Protocole Internet version 4, ya sake shiga Propriétés. A nan akwai sharaɗi na biyu: muddin kwamfuta na karɓar adireshi da kanta daga akwati, tsarin da ake kira DHCP, wannan taga ba za ta bari a ƙara wani ba. Dole a zaɓi Utiliser l'adresse IP suivante, a rubuta na farko da hannu tare da ƙofar gari da DNS. Daga nan a shiga Avancé, a danna Ajouter, a rubuta adireshi na biyu da lambar iyakarsa. Shi ke nan.

Ƙofar gari kuwa a bar ta guda ɗaya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In aka rubuta biyu, saƙo na iya bin wadda ba ta fita ko'ina, a wayi gari intanet na zuwa yana yankewa, a ɗora laifin a kan kamfani alhali ɓarnar a cikin gida take.

Masu aiki da Linux layi ɗaya ya ishe su: ip addr add 192.168.1.50/24 dev eth0. A nan eth0 sunan katin ne, yana iya bambanta daga wata na'ura zuwa wata, 24 kuma gajeriyar hanya ce ta rubuta 255.255.255.0. Adireshin da aka ƙara ta wannan hanya yana gogewa da zarar an kashe kwamfuta, abin da ya dace da mai gyaran da ya zo aikin rabin sa'a. Wanda ke son ya zauna sai ya rubuta shi a cikin tsarin rezon na'urar.

Bayan an gama, gani ya kori ji. A rubuta ping 192.168.1.30. In amsa ta dawo, hanya ta buɗe.

Mai karatu ya lura, a shago irin na dattijo adireshi na biyu gada ce ta tsallakawa. Da zarar kwamfuta ta ga firinta, abin da ya fi shi ne a shiga shafinta, a rubuta mata sabon adireshi a sabuwar unguwa, a mai da kwamfuta kan wannan sabuwar lamba, sa'an nan a goge na biyun. Irin wannan gada ake buƙata duk lokacin da aka sayo sabon kaya mai zuwa da lambar masana'anta. Kyamarorin tsaro na Hikvision da yawa suna zuwa da 192.168.1.64, akwatunan MikroTik, waɗanda masu sayar da tikitin wifi suka sani, da 192.168.88.1; ƙananan akwatunan Huawei da yawa kuma da 192.168.8.1. Wanda bai san wannan ba zai mai da kaya ga mai sayarwa ya ce ba ya aiki.

A ma'aikatu kuwa amfanin ya fi haka girma. In za a kwashe dukan biro daga tsohon tsarin lambobi zuwa sabo, babbar kwamfutar da ke ajiye takardu sai ta ɗauki adireshi biyu na ɗan lokaci, tebura su riƙa ƙaura ɗaya bayan ɗaya, aiki bai tsaya ko yini ɗaya ba. Haka kuma in tsohuwar babbar kwamfuta ta gaji aka kawo sabuwa, sai a kashe tsohuwar, sabuwar ta gaje adireshinta a kan nata, ba sai an bi tebur ashirin ana gyara ba.

Inda haɗarin yake

Kowace dabara da wuyarta, kuma wannan tana da biyar.

Ta farko, karo. In na'ura biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, duk biyun sai su riƙa faɗuwa suna tashi. Akwatin intanet yana da iyakar lambobin da yake rabawa da kansa, misali daga 100 zuwa 200. Wanda zai rubuta adireshi da hannu ya duba wannan iyaka ya zaɓa a wajenta. Kafin ya ɗauki lamba kuma ya aika mata ping. In wani ya amsa, gida da mai shi. In ma an yi shiru, ya tuna mai gidan na iya zama a kashe.

Ta biyu ita ce mafi girma, ma'aikata su saurara da kyau. Unguwa biyu a kan waya ɗaya ba katanga ba ce. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin kan iyaka da jihar Kabbi yakan riƙe sefa da naira a aljihu ɗaya. Kuɗi iri biyu ne, amma ɗan sane da ya zura hannu duka zai kwashe. Akwai ma'aikatun da ke sa kwamfutocin kuɗi da na takardun haihuwa a unguwar 10, su sa baƙi da wayoyin salula a unguwar 192.168, duk a kan mahaɗa ɗaya, su ɗauka sun raba. Abin da saurayin nan ya yi cikin minti biyar don alheri, baƙo mai mugun nufi zai yi shi cikin minti biyar don sharri. Kwamfutar da ke da ƙafa a rezon gwamnati da ƙafa a akwatin da wani ya kawo daga gida kuwa, ita kanta gada ce ga cutar kwamfuta. Rabuwa ta gaskiya sai da wayoyi da mahaɗa daban-daban, ko da mahaɗar da ta iya tsarin VLAN, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1998, tare da na'ura ko manhajar da ke gadin abin da ke wucewa tsakani. Don haka kada ma'aikaci ya ƙara adireshi a kwamfutar hukuma sai da sanin masu kula da rezon ma'aikatarsa.

Ta uku, adireshi biyu ba ya ƙara gudu, ba ya kuma zama madogara. Mai salula mai layi biyu, in rezon wannan kamfani ya ɗauke sai ya koma na wancan. A nan kuwa ƙofa ɗaya ce, waya ɗaya ce. In tsawar damina ta ƙone katin, adireshi biyun tare za su tafi.

Ta huɗu, kwamfutar tafi-da-gidanka. Wanda aka rubuta ma adireshi da hannu a Dogon Dutsi, in ya je taro Doso ko Yamai ya shiga wani rezo da katin nan, ba zai samu intanet ba sai ya mai da shi kan karɓa da kai.

Ta biyar, rashin rubutu. Mai gyara ya yi aikinsa ya tafi, ma'aikaci an canza masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da lambobin da ba wanda ya san dalilinsu. Ko ya goge su aiki ya tsaya, ko ya bar su shekara da shekaru don tsoro. Kamar yadda ake miƙa mabuɗai da hatimi ranar miƙa aiki, haka ya kamata a miƙa littafin adireshi: kowace na'ura, da lambarta, da ranar da aka sa, da dalili.

Me ya sa adireshin waje ya yi tsada

Duk abin da muka faɗa a kan adireshin cikin gida ne, wanda kyauta ne. Na waje, wanda duniya ke gani, labarinsa dabam ne, kuma ɗan kasuwa zai gane shi tun kafin a gama faɗa. Tsarin IPv4 da aka rubuta a watan Satumba na 1981 yana da adireshi 4,294,967,296 ne kacal, ba a iya ƙara ko ɗaya, alhali mutanen duniya sun haura miliyar 8 a watan Nuwamba na 2022. A farkon zamani an yi rabon ne hannu sake. Kamfanonin Amurka irin su Ford da Apple kowanne ya samu yanki mai adireshi 16,777,216. Ita ma dabarar ɗora adireshi da yawa a kan kati ɗaya ta ci rabonta. A tsakiyar shekarun 1990 kowane shafin intanet sai da adireshinsa, domin mai neman shafi ba lalle ne ya ambaci sunansa a cikin saƙo ba, shi ya sa kamfanonin ajiye shafuna suka riƙa jibga adireshi masu yawa a kan kati ɗaya. Sai a watan Janairu na 1997, da ƙa'idar HTTP/1.1 ta wajabta ambaton sunan, adireshi ɗaya ya iya ɗaukar shafuna barkatai.

Duk da haka rumbu ya ƙare. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba yankuna biyar na ƙarshe ga hukumomin nahiyoyi biyar. A shekarar ce kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dalar Amurka miliyan 7.5. Lamba ta zama haja ke nan. Hukumar Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Moris, wadda aka amince da ita a 2005. Adireshin da ya fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197 daga rumbunta ya fito. Rabon nahiyar baki ɗaya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. AFRINIC ta shiga rabon tsimi a 2017, ta ƙara tsuke shi a watan Janairu na 2020. A 2019 an gano an karkatar da adireshi sama da miliyan 4 daga hannunta, a 2021 shari'a ta sa an rufe asusunta na banki na wani lokaci, a 2023 kuma kotun ƙolin Moris ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya. Inda ba dukiya ba a irin wannan rigima.

Wannan ƙarancin ya iso har Arewa. Kamfanonin salula galibi suna tara masu layi da yawa a bayan adireshin waje guda ɗaya, har a 2012 aka keɓe wani yanki mai farawa daga 100.64 don wannan aiki. Starlink ma, da ya fara aiki a Nijar a 2025, ya zo da irin wannan tarayya a tsarinsa na gama-gari. Saboda haka ɗan kasuwar da ke son ya leƙa na'urar shagonsa ta Dogon Dutsi kai tsaye daga Yamai ko Kwatano ya sani, ko adireshin cikin gida goma aka ɗora ma katinsa ba za su zama na waje ba. Na waje daga kamfanin da ke ba shi intanet kaɗai yake fitowa. Duk wanda ya karɓi kuɗinsa da sunan zai rubuta masa adireshin waje da hannu, ba tare da kamfani ya ba da shi ba, ya sayar masa da iska.

Abin da ke tafe

Maganin ƙarancin an daɗe da samo shi. Tsarin IPv6, wanda aka fara wallafawa a watan Disamba na 1995, aka kuma ƙaddamar a duniya ranar 6 ga Yuni 2012, yana da adireshin da yawansu lamba ce mai alƙaluma 39. A cikinsa, abin da muka kira dabara yau shi ne ƙa'ida. Kowane kati yana da adireshin cikin gida mai farawa da fe80 wanda yake ba kansa, ga na waje in kamfani ya bayar, ga kuma na wucin gadi da ke sauyawa lokaci-lokaci don kada a bi sawun mai na'ura. Mai karatu ya rubuta ipconfig a kwamfutarsa, zai iya ganin fe80 ɗin nan zaune kusa da tsohon adireshinsa, wato katinsa ya daɗe yana amsa suna biyu bai sani ba.

Don haka ga shawarar wannan fili. Ɗan kasuwa, ranar da za a sake maka akwatin intanet, kafin a cire tsohon ka sa a rubuta maka unguwar da yake rabawa da lambar kowace na'ura. Sau da yawa ma ana iya gyara sabon akwatin ya riƙa rabawa a tsohuwar unguwa, a huta da ƙaura gaba ɗaya. In wata na'ura ta yi shiru bayan canji, a tambayi adireshinta kafin a tambayi farashin sabuwa. Shugaban ma'aikata, ka sa a buɗe littafin adireshi, ka kuma tambayi mai kula da rezonka ko rabuwar da ke tsakanin baƙi da takardun hukuma ta waya ce ko ta lamba kawai. Dukanmu kuma, in za mu ɗauki layi a wurin kowane kamfani, mu yi tambaya biyu: adireshin wajen da za a ba ni nawa ne ni kaɗai ko na tarayya ne, kuma kuna ba da IPv6? Matambayi ba ya ɓata, kuma mai kaya yakan kawo abin da masu saye suka yawaita tambaya.

Kafin in bar shagon nan na Dogon Dutsi, na ga saurayin ya yagi takarda ya rubuta lambobin duka, ya manna a bango bisa kwamfuta, ya ce, "Baba, kada a cire wannan, ko ba ni nan wanda ya zo zai gane." A ganina wannan takarda ta fi gyaran kansa daraja.